Tsohuwar Zuma da Dillalanta: Abin da Ke Jan Matasa ga Kiɗan Rok na Da

Ranar 25 ga Satumba, 2020, motar wani ma'aikacin rumbun dankali mai suna Nathan Apodaca ta mutu masa a hanyar zuwa aiki, a garin Idaho Falls na Amurka. Bai tsaya jiran bakanike ba. Ya sauko da allonsa mai tayoyi ya hau, ya gangara gefen titi da gorar lemo a hannu, yana kurɓa yana bin waƙar "Dreams" da baki, wayarsa na ɗauka. Bidiyon da ya ɗora a TikTok ko rabin minti bai kai ba. Kafin a yi wata guda, wannan waƙa da ƙungiyar Fleetwood Mac ta saki a 1977 ta sake shiga jadawalin Billboard har ta kai ta 12, kundin da take ciki kuma, Rumours, ya koma sahun goma na farko, abin da rabonsa da yi tun 1978. Mai gangar ƙungiyar, Mick Fleetwood, da shekararsa 73, shi ma ya buɗe TikTok ya kwaikwayi bidiyon. Cikin yaran da suka dinga maimaita waƙar akwai waɗanda ko iyayensu ba a haifa ba lokacin da ta fito.

Idan ka tambayi dattijon Bature dalili, amsarsa a bakinsa take: waƙar da ta fi ta yanzu, shi ke nan. Mu ma muna da irin wannan amsa, da tsohuwar zuma ake magani. Ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Amma wannan zuma tana da dillalai, kuma dillalan ba sa barci. Wanda yake son ya fahimci abin da ya sa yarinya 'yar shekara 16 a Manchester ko Sao Paulo take sauraren Queen da Beatles da Led Zeppelin, sai ya raba tambayar biyu: wa ya kawo mata waƙar har kunne, kuma me ya hana ta tsallake ta bayan daƙiƙa goma?

Da farko dai akwai rashin adalci a gwajin da ake yi. A 1969 Beatles suka fitar da Abbey Road, Rolling Stones suka fitar da Let It Bleed, Led Zeppelin suka fitar da kundinsu na farko da na biyu. To wace waƙa ce ta zo ta ɗaya a lissafin ƙarshen shekara na Billboard? "Sugar, Sugar" ce, ta Archies, ƙungiyar da babu ita a duniya sai a zanen katun na talabijin. Dubban ƙungiyoyi sun yi tashe a wancan zamani, yau ko sunansu ba a tunawa. Abin da ya iso ga yaron yau gari ne da aka tankaɗe shekara hamsin ana zubar da tsaki, shi kuwa yana gwada shi da niƙan wannan makon da ko rariya bai gani ba. Dole tsohon ya fi laushi.

Sai dai tankaɗen ma ba tsantsar cancanta ba ne. A 2006 wasu masu bincike uku, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun tara mutum sama da 14,000 a intanet, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, suka raba su rukuni-rukuni. A rukunonin da mutum ke iya ganin abin da sauran suka sauke, waƙar da ta yi sa'ar samun 'yan farko sai ta yi ta hawa, kuma wadda ta ci gasa a wannan rukuni ba lallai ita ce ta ci a wancan ba. Abin da ya tabbata kawai shi ne, waƙoƙin da suka fi kyau da wuya su faɗi warwas, munanan kuma da wuya su kai sama. Tsakiyar duk sa'a ce da bin yarima a sha kiɗa. Ƙungiyoyin da muke magana a kansu sun yi sa'arsu a zamanin da ƙofofin shahara ba su da yawa. Daren 9 ga Fabrairu, 1964, da Beatles suka fito a shirin Ed Sullivan, mutum kusan miliyan 73 ne suka kalla a Amurka. A dare ɗaya ƙasa guda ta san samari huɗu daga Liverpool. Yau ana ɗora sababbin waƙoƙi wajen 100,000 kowace rana a manhajojin sauraro, kowa da lungun da yake saurare, kuma da wuya wani sabon mawaƙi ya zama na kowa da kowa irin haka. Sunan da kaka da uba da jika duk suka sani ya zama kadara, don ba a cika ƙera irinsa ba yanzu.

Daga nan sai gida. Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da Justin Zupnick sun kunna wa ɗalibai 'yan kimanin shekara 20 gutsattsarin waƙoƙin da suka yi tashe tun daga 1955, suka wallafa sakamakon a 2013. Kamar yadda aka zata, ɗaliban sun fi shaƙuwa da waƙoƙin zamaninsu. Abin da ba a zata ba shi ne wani tudu da ya bayyana a farkon shekarun 1980, lokacin samartakar iyayensu, da wani kuma a shekarun 1960. Waƙar da yaro ya ji a kujerar bayan mota ana kai shi makaranta, ko a kicin ranar Lahadi, tana shiga jikinsa kafin ya san ma'anar zaɓi. Abin dariya a nan shi ne, wannan kiɗa asalinsa na tawaye ne. Iyayen shekarun 1960 sun tsane shi, sun tsani gashin samarin da ihunsu. Yanzu shi ne uba ke miƙa wa ɗansa kamar gadon agogo.

Amma babban abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗi. Tsohuwar waƙa ita ce hajar da kamfani ya fi so: an gama kashe mata kuɗi tuntuni, an san tana da masu so, mai ita ba zai yi rigimar situdiyo ba, wani lokaci ma ya mutu. A Disamba 2020 Bob Dylan ya sayar wa Universal haƙƙin waƙoƙinsa a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 300. Bayan shekara guda Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a wajen dala miliyan 500. A 2024 Sony ta sayi na Pink Floyd a wajen miliyan 400, na Queen kuma a kan abin da jaridu suka ce ya haura dala biliyan ɗaya. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai zauna jiran motar wani ta mutu a Idaho ba. Yana da ma'aikata da aikinsu kullum shi ne cusa waƙar a fim, a talla, a wasan kwamfuta, a filin ƙwallo.

A duba rayuwar waƙar Queen mai suna "Bohemian Rhapsody". Waƙa ce mai kusan minti shida, babu amshi da ake komawa, tsakiyarta opera ce, kuma mutanen kamfani sun ce rediyo ba zai saka ta ba. Ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Birtaniya daga ƙarshen 1975. Ta sake hawa bayan rasuwar mawaƙin ƙungiyar, Freddie Mercury, a Nuwamba 1991. A 1992 fim ɗin barkwanci Wayne's World ya nuna samari biyar cunkushe a ƙaramar mota suna kaɗa kai da ita kamar wuyansu zai cire, sai ta kai ta biyu a Amurka, inda a fitowarta ta farko ta tsaya a ta tara. A 2018 kuma fim ɗin tarihin ƙungiyar ya tara sama da dala miliyan 900, Rami Malek ya ci Oscar da shi, kuma a ƙarshen shekarar aka ayyana waƙar a matsayin wadda aka fi saurara ta intanet cikin duk waƙoƙin ƙarni na 20. Duk bayan shekara goma sha ko ashirin da 'yan kai, sai an sake gabatar da ita ga sababbin kunnuwa, kuma biyu daga 'yan ƙungiyar, Brian May da Roger Taylor, suna cikin waɗanda suka tsaya a kan fim ɗin. Haka Guardians of the Galaxy ya yi a 2014, da kundin waƙoƙin fim da babu sabuwa ko ɗaya a ciki amma ya zo na ɗaya a Amurka. Haka shirin Stranger Things ya yi a 2022: ya kai waƙar Kate Bush ta 1985 matsayi na ɗaya a Birtaniya bayan shekara 37, ya kuma shigar da "Master of Puppets" ta Metallica, mai fiye da minti takwas, jadawalin Hot 100 na Billboard karon farko tun fitowarta a 1986. Kafin waɗannan biyun, wasan Guitar Hero na 2005 ya ɗora jitar roba a hannun miliyoyin yara, ya koya musu waƙoƙin kakanninsu da maɓallai masu launi.

Akwai wani adadi da masu kukan mutuwar sabuwar waƙa ke yawan jawowa: wai sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake saurara a Amurka tsoffin waƙoƙi ne. Adadin gaskiya ne, amma a lissafin masana'antar duk waƙar da ta haura wata 18 ta tsufa. Kaso mafi tsoka a ciki na shekarun baya-bayan nan ne, irin su Drake da Taylor Swift. Matasa ba su yi hijira zuwa 1975 ba. Hip-hop da pop su ne abincinsu na yau da kullum, tsohon rok ɗin ƙari ne, kuma 'yan ƙungiyoyi ƙalilan ne ke cin moriyarsa.

Abin da waya ta canza shi ne ta cire wa waƙa shekaru. A da sai ka shiga shago ka nufi kantar tsofaffin faifai, ka biya kuɗin da za ka iya sayen sabo da shi, abokanka na kallonka. Tun da waƙoƙin Beatles suka hau manhajojin sauraro a jajibirin Kirsimetin 2015, farashinsu ɗaya da na waƙar da ta fito jiya, kuma suna layi ɗaya da ita. Na'urar da ke zaɓa wa mutum abin da zai ji na gaba ba ta duba ranar haihuwa, abin da mutane ba su tsallake ba shi take turowa. Yaro kan ji waƙa ta kama shi, sai daga baya ya gano ta girmi mahaifiyarsa.

To a nan ne bayanin kuɗi yake tsayawa. Dillali zai iya kawo kaya har ƙofar gida, ba zai iya tilasta maka ka riƙe ba. Fina-finai nawa aka cusa wa tsoffin waƙoƙi suka wuce babu wanda ya waiwaya? Waɗanda suka zauna, a ganina, suna da wani abu guda: an gina su ne don jikin mutum ya shiga ciki. Brian May ya ba da labarin wani wasa da Queen ta yi a Stafford a 1977, inda bayan sun sauka jama'a suka ɓarke da rera musu waƙar magoya bayan ƙwallo. Ya koma yana tunanin abin da mutum zai iya yi a tsaye cikin cunkoso, babu kayan kiɗa. Amsar ita ce "We Will Rock You": buga ƙafa biyu, tafi ɗaya. Babu ganga a cikinta ko kaɗan, ƙafafu ne da tafuka aka ɗauka aka ninka. Yaro ɗan shekara uku zai iya, wanda bai san Turanci ba ma zai iya, shi ya sa har yau filayen wasa ba su gaji da ita ba. Haka "Smoke on the Water" ta Deep Purple, da aka yi a kan gobarar da ta cinye gidan cacar Montreux a Disamba 1971. Mabuɗinta sauti huɗu ne kacal, kuma duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san daɗin ranar da yatsunsa suka fara fitar da shi. Waƙar da aka haɗa a kwamfuta da ɗaruruwan sautuka tana iya yin daɗi matuƙa, amma ba ka iya ɗaukar ta ka kai ɗakin abokinka. Wannan kuwa samari huɗu da tsohuwar ganga da lasifika ɗaya sun isa.

Nisan da wannan ya kai ya wuce Turai. Bombino, makaɗin jita na Agadas, ya sha faɗin yadda shi da abokansa, suna gudun hijira a Aljeriya da Libiya a shekarun 1990, suke maimaita kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits har sai sun kama yadda yatsu ke tafiya. Babu wani kamfanin Landan da ya yi lissafin yaran Abzinawa a kasafin tallarsa. Kaset ne ya bi hannu zuwa hannu, yara suka ga abin da za su iya yi da nasu hannun, suka juya shi ya zama nasu.

Sannan akwai sautin kansa. Waɗannan mutane sun koyi sana'ar ne a gaban jama'a kafin su ga situdiyo. Beatles sun yi dare bayan dare suna kiɗa na sa'o'i a mashayun Hamburg tsakanin 1960 da 1962, shi ya sa suka iya ɗaukar mafi yawan kundinsu na farko a rana ɗaya, 11 ga Fabrairu, 1963. A irin wannan ɗauka ana jin numfashi, ana jin kiɗan yana ɗan sauri idan an zo wurin zafi. Gangar John Bonham na Led Zeppelin a "When the Levee Breaks" an ajiye ta ne a ƙasan matakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataye makirfo a sama, sautin ya fito kamar ana rushe katanga. Masu hip-hop sun yi ta yankar wannan bugu suna ɗora nasu a kai. Ga kunnen da ya tashi da muryar da na'ura ta goge tas, wannan 'yar gargada ita ce sabon abu.

Labari ma yana riƙe mutum. An ɗauki Rumours a 1976 a daidai lokacin da auren John da Christine McVie ke mutuwa, soyayyar Stevie Nicks da Lindsey Buckingham ke watsewa, gidan Mick Fleetwood ma na girgiza. Suna rubuta wa juna habaici, kuma wanda aka yi wa habaicin shi zai tsaya ya yi amshi ko ya kaɗa jita. Akwai wani bidiyo na wasansu na 1997 da matasa ke ta yaɗawa, inda ake rera "Silver Springs", waƙar Nicks da aka cire daga kundin tun farko. Wajen ƙarshe ta juya daga kallon jama'a ta kafe Buckingham da ido, tana jefa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya kasa kau da kai, hannunsa na kan jita. Shekara ashirin da rabuwa ke nan. Duk yarinyar da saurayi ya taɓa yaudara ta gane wannan kallo, ba ta buƙatar a yi mata tarihin California. Kundin ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40, kuma har yau yana cikin faifan garmaho da aka fi saye, yanzu da faifan ya farfaɗo har ya zarce CD a Amurka a 2022.

Ba duk wanda ya sa riga ne mai sauraro ba, wannan kuma gaskiya ne. Jan leɓe da harshe a waje na Rolling Stones, wanda wani ɗalibin zane John Pasche ya yi a 1970 aka biya shi fam 50, ya zama ado kawai a manyan shagunan tufafi. Har cikin dilar gwanjo a kasuwanninmu yakan faɗo, tare da na AC/DC da Nirvana, mai saye ya duba ƙwarin yadi ya biya ya tafi. Amma ko wannan aiki yake yi wa masu haja, don suna da aka saba gani ba ya zama baƙo ranar da aka ji waƙar.

Abin da ya fi damuna a wannan jeri shi ne waɗanda babu su. Gidajen rediyon Amurka ne suka ƙirƙiro rukunin tsohon rok a shekarun 1980, suka cika shi kusan kaf da fararen maza, in ka cire Hendrix. Alhali Rolling Stones daga waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. "When the Levee Breaks" ɗin nan Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy ne suka fara ɗaukar ta a 1929, a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927. Willie Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 a kan "Whole Lotta Love" kafin aka sasanta aka sa sunansa. Sister Rosetta Tharpe, wadda ke kaɗa jitar lantarki tun Elvis yana yaro, ta rasu a 1973 kabarinta ya yi shekara fiye da 30 babu ko alama. Ba rashin daɗi ne ya hana yaran yau jin waɗannan ba. Babu mai dala biliyan ɗaya a kansu, don haka babu mai kashe dala miliyan hamsin ya yi musu fim.

Su kuwa waɗanda ke cikin jerin, tsufa ya cim musu. Mick Jagger haihuwar 1943 ne, kuma rangadin Rolling Stones na 2024 a Amurka ƙungiyar AARP ce ta ɗauki nauyinsa, wato ƙungiyar kare muradun 'yan fansho. Masu haja sun riga sun fara shirin ranar da babu kowa a kan dandamali. KISS ta yi wasan ƙarshe na rangadinta na bankwana a New York a Disamba 2023, ta rufe shi da nuna surorin kwamfuta da za su ci gaba a madadinta. Wata guda kafin nan Beatles suka saki "Now and Then", da muryar John Lennon da na'ura ta tsamo daga wani tsohon kaset na gida, ta kuma zo ta ɗaya a Birtaniya, shekara 54 bayan ta ɗayarsu ta ƙarshe. Agogon doka ma yana tafiya. A 2013 aka ƙara wa'adin kariyar faifai a Turai daga shekara 50 zuwa 70, daf da lokacin da kundin Beatles na farko zai kuɓuce, saboda haka ɗaukar 1963 za ta zama ta kowa a ƙarshen 2033 in ba a sake taɓa dokar ba. Kafin nan akwai sauran girbi. Tun 2017 Giles Martin, ɗan wanda ya shirya wa Beatles faifan asali, yake sake gyara sautin kundayensu ɗaya bayan ɗaya ana sayarwa, Sony kuma ta sa Afrilu 2028 don fitar da fina-finai huɗu na darakta Sam Mendes, kowane ɗan Beatles da nasa.